Gwiwar Hajiya da Faretin Malam Kwaɗo

Tarihin ɗan Adam cike yake da manyan tafiye-tafiye. Akwai waɗanda suka keta Sahara a kan raƙuma, akwai waɗanda suka tafi Makka a ƙafa suka dawo da furfura, akwai kuma waɗanda suka faɗa teku ba su san ko akwai gaɓa a gaba ba. Na karanta labarinsu, wasu ma na koyar da su a aji. Amma ina faɗa ba tare da shakka ba, a cikinsu babu wadda aka tsara da zurfin tunani da hangen nesa irin tafiyar da na tsara don in kai yarinya 'yar shekara bakwai ta ga wani kwaɗo mai lema a birnin Guangzhou. Ko da ƙwaƙwalwata za ta zubar da duk abin da na karanto a China, wannan tafiya ba za ta bi su ba.

Lokacin ina karatun digiri na uku a wata jami'a a birnin, bayan na daɗe ina shaƙar ƙurar alli a wata sakandare a Kano. Yarinyar kuwa 'yata ce, ta fari. Yanzu na rubuta kalmar cikin sauƙi saboda takarda ba ta da ido, amma a wancan lokacin ban taɓa furta ta a gaban mahaifiyata, Hajiya, ba. Gidanmu gidan alkunya ne na gaske. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban manya, ba a yaba shi, in ya faɗi ma sai ka ɗaga kai ka kalli rufin ɗaki har wani ya zo ya ɗaga shi. Ranar da aka yaye ta Hajiya ta aiko aka ɗauke ta, wai za ta kwana biyu ta manta da nono. Kwana biyun nan har yau ba su cika ba. A ɗakin Hajiya ta tashi, ta ji ƙannena suna ce mini Yaya, ita ma ta ɗauka. Ta san ni ne ubanta, amma irin sanin da ɗalibi yake yi wa babban birnin wata ƙasa mai nisa: in an tambaye shi zai faɗa daidai, sai dai bai taɓa zuwa ba.

Ni ma ɗan farin Hajiya ne, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Da ina yaro "kai" ne sunana. Da na fara koyarwa sai na samu ƙarin girma na zama "Malam", kuma tsawon da take ja wa kalmar ya danganta da girman wautar da na tafka.

Hajiya 'yar kasuwa ce, tana sarin kayan yara: jakunkunan makaranta, riguna, takalma. Ta riga ni sanin Guangzhou da shekaru. Ni na zo da nahawun yaren China a kaina, ita ta zo da kalmomi kaɗan da na'urar lissafi, kuma a kasuwa ita ake fahimta. Ana dab da dogon hutun makarantu sai ta kira ni a waya.

"Malam, wannan karon da ƙawata zan zo. Ta hana ni sakat sai ta ga garin da ake yin jakarta."

Ƙawar tata ita ce yarinyar. Jakar kuwa na san ta. A bayanta akwai hoton wani kwaɗo kore, gajere, mai ɗan wando da jar lema, wanda ake nuna katun ɗinsa a talabijin. Malam Kwaɗo take ce masa. Duk lokacin da aka miƙa mata waya mu gaisa ta bidiyo, da zarar an gama "ina wuni" da "ya makaranta" sai ta ɗauko jakar ta nuna mini. Kwaɗon nan shi ne kaɗai batun da ya haɗa ni da ita.

A ranar na fara tsari. Na tambayi abokan karatuna 'yan ƙasar masu yara, na zauna da taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa kamar janar da taswirar yaƙi. Na raba tafiyar kashi uku, yadda ake raba darasi. Gabatarwa: gidan tarihin zane-zane masu motsi, don ta san asalin abin. Tsakiya: wani baje kolin halittun katun da ake yi a saman wani babban kanti. Kammalawa: katafaren wurin wasan yara da ke bayan gari, inda da yamma ake faretin halittun, har da Malam Kwaɗo da ƙafarsa. Kowane wuri sai da na je ni kaɗai na duba. Na gano shagon taliyar Musulmin China mafi kusa, na gano lungun da za a iya shimfiɗa darduma ba a tare wa kowa hanya ba, na san ƙofar da layinta ya fi gajarta. Har katun ɗin na zauna na kalla, na san wane ne kawun kwaɗon, na san dalilin gabarsa da wata agwagwa. Abokin ɗakina, wani ɗan Maraɗi mai karatun likita, ya leƙo ya same ni ina kallo da gaske, ya ce, "Malam, da rabin wannan himmar ka ba wa binciken naka, da tuni muna ce maka Dakta."

Bai san ainihin tsarin ba, don ban faɗa wa kowa ba. Ginshiƙin tafiyar gaba ɗaya shi ne Hajiya ba za ta je ba. Na san ta. Katun a wurinta shirme ne, tsayawa a layi don kallon abin da ba na sayarwa ba kuwa ɓata rai ne da ɓata ƙafa. Za ta shige kasuwa, ni kuma in fita da yarinyar mu biyu, nesa da idon kowa. Burina bai taka kara ya karya ba: in riƙe hannunta in za mu tsallaka titi, in kira sunanta ta amsa. Na san in suka koma ba zan ga Kano ba sai na gama karatu, lokacin kuma ta kai shekarun da yarinya ba ta ƙara riƙe hannun uba. Dama ɗaya ce, ita ce kuma na yi wa ado da gidajen tarihi.

Suka sauka a masaukin da Hajiya ta saba, a wani lungu da ya fita daga titin Huanshi Lu. Na durƙusa na gaishe ta. Yarinyar ta fito daga bayanta, ta tsuguna, ta ce, "Yaya, ina wuni." Ta yi tsawo, haƙoranta na gaba biyu sun fita. Na kalli labulen taga na ce, "Lafiya. Ya hanya?" Iyakar tarbar da na yi mata ke nan bayan shekaru ban gan ta ido da ido ba, kuma a ma'aunin gidanmu na ma yi yawan magana.

Bayan sun huta na gabatar da tsarin, ina yi ina rage masa armashi don kada ya ja hankalin da ba a so. Na ce ɗan zagaye ne na yara, akwai tafiyar ƙafa da yawa, ga zafi, ga cunkoso. Hajiya tana cin dambun naman da ta zo da shi, tana gyaɗa kai. Da na gama ta karkaɗe hannu.

"To. Ƙarfe nawa za mu fita?"

"Mu, Hajiya?"

"Maaalam." Ta ja shi sosai. "Shekara da shekaru ina sarin kaya masu hoton halittun nan. In akwai gidan da aka tara su wuri ɗaya, ai gara in je in ga wanda yake tashe, kafin in cika kwantena da wanda yayinsa ya wuce."

Na yi lissafin zafi, na yi lissafin ruwan sama, na yi lissafin ranar da gidan tarihi yake rufe. Ban yi lissafin cewa mahaifiyata 'yar kasuwa ce ba.

Haka muka shiga gidan tarihin mu uku. Ina gaba ina bayani kamar wanda aka ɗauka haya, yadda ake zana hoto ɗaya sau da yawa da ɗan bambanci, a juya su da sauri ido ya ga motsi. Yarinyar tana riƙe da gefen mayafin Hajiya, tana sauraro da ladabin da ake yi wa baƙon malami. Hajiya kuwa ta ɗauki wurin ɗakin nuna samfur. Ta tsaya gaban wani akwatin gilashi da aka ajiye tsofaffin 'yan tsana, ta yafito mai gadin ɗakin.

"Lawban! Dozin nawa?"

Lawban shi ne mai gida ko mai shago, kuma a bakin Hajiya duk wanda ya sa riga mai aljihu lawban ne. Mutumin ya kalle ta, ya kalle ni. Na ce, "Hajiya, ba na sayarwa ba ne, na tarihi ne."

"Meyo ke nan," in ji ta, wato babu. Ta ɗaga kai ta dubi fitilun da suka haske ɗakin. "Gidan da ba a sayar da komai, don me ake ƙona wuta haka?"

A bakin ƙofa wata mata ta ɗauke mu hoto da wayata. Yana nan har yanzu. Hajiya da ƙawarta sun manne da juna suna dariya, ni kuma ina tsaye can gefe, hannuwa a baya, kamar direban da aka ce ya shigo hoton don kada ya ji haushi.

Kashi na biyu na darasin ko buɗe shi ba a yi ba. Ejan ɗin Hajiya da ke benen 'yan kasuwa na Tianxiu ya ce in ana so kaya su bi jirgin ruwan da ke shirin tashi sai an hanzarta, don haka aka mayar da ranar ta kasuwa. A wani shago a kasuwar Guangyuan yarinyar ta ga jakunkuna masu hoton Malam Kwaɗo an jibge su har rufi, ta yi tsalle ta rungume Hajiya, murnar da ba ta yi rabinta a gidan tarihi ba. Ni ina baya da buhuna biyu. Kwanaki suka yi ta zamewa a haka, har ya rage wurin wasan kaɗai, daga shi sai haɗa kaya.

Ranar an yi zafi irin na Guangzhou, wanda ba ya ƙona ka, dafa ka yake yi. Hutu ne, don haka duk wani yaro da ke lardin ya zo da iyayensa da kakanninsa. Muka bi layuka. Aka zo ƙaramin jirgin ƙasa mai zagaya tafki, kujerar mutum biyu, Hajiya ta shige da ƙawarta, aka bar ni da jaka da gorar ruwa. Aka zo lilon dawakai, haka. Muka ci taliya, muka yi salla a lungun da na tanada, wanda shi ne kaɗai ɓangaren tsarina da ya tafi daidai. Ban ji haushin kowa ba. Na dai fara lallashin kaina cewa ai ta ga China, ta ji daɗi, ba sai da hannuna ba.

Bayan la'asar aka ja igiya a gefen babban titin wurin, alamar fareti ya kusa. Kafin mu isa mutane sun yi katanga, sahu bayan sahu. Muka tsaya a baya. Kiɗa ya taso daga nesa. Sai na ga wani abu da ban gani ba ranar da na zo duba wurin ni kaɗai, ko kuma na gani bai dame ni ba: kamar an ba da umarni, duk wani uba da ke wurin ya sunkuya ya ɗora ɗansa a wuya. Nan take aka yi bene na biyu na yara a saman taron.

Tamu tana ƙasa, tana tsalle, ba ta ganin komai sai bayan riguna.

"Hajiya, ban gani! Hajiya, ɗaga ni!"

"Ni? Ƙatuwa da ke? So kike ki ƙarasa tsohuwa a ƙasar mutane?"

"Ai ke kika ce ba ki tsufa ba!"

"A kasuwa na ce."

Ina tsaye tsakanina da ita bai fi kamu ɗaya ba. Ni ne na sha tsayawa gaban ɗalibai ina bayyana musu cewa al'ada mutane ne suka ƙirƙire ta, su ne kuma suke sauya ta. Amma hannuwana suna cikin aljihu kamar an ɗinke su. Mahaifiyata tana gefena. Ban taɓa taɓa ko kan yarinyar nan a gabanta ba, balle in ɗora ta a wuya a bainar jama'a. Ba tsoron faɗa nake ji ba, don na san ba za ta ce komai ba. Abin ya fi faɗa nauyi. Ita ma ai ba ta taɓa ɗaukata a gaban surukarta ba, ta haƙura, ta riƙe, sai ni ne zan zo in nuna mata cewa haƙurin nata ba dole ba ne?

Manyan motocin ado suka wuce, ana hango samansu daga baya. Sai kiɗan ya sauya zuwa wanda ni da ita muka sani. Malam Kwaɗo a ƙafa yake tafiya, kuma gajere ne, daga inda muke ko lemarsa ba za a gani ba. Yarinyar ta ji kiɗan. Ta daina tsalle. Ba ta yi kuka ba, ba ta kalle ni ba, don ba a koya mata cewa ni wurin roƙo ba ne. Ta dai riƙe igiyoyin jakarta da hannu biyu, ta tsaya tana kallon bayan wandon wani mutum. Da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi.

"Wash," in ji Hajiya. Ta dafa gwiwa. "Wash, Allah. Malam, gwiwar nan ta ƙi. Zan je can in zauna."

Ta nuna wani benci can nesa a gindin bishiya.

"In raka ki, Hajiya?"

"Ka raka ni ka bar 'yar mutane a cikin wannan taron? Tsaya nan. Kuma ni in na zauna shingen can zan kalla, idona ya gaji da launi. In an gama ku yi mini sallama."

Ta tafi tana ɗingisa ƙafar hagu. Ta isa, ta zauna, ta ba mu baya, ta gyara mayafi, ta fuskanci shingen ganye kamar akwai abin karantawa a jikinsa.

Na kira sunan yarinyar. Muryar ta fito a bushe, irin ta kiran suna a aji. Ta waiwaya hagu da dama tana neman wanda ya san ta a China, kafin ta gane daga sama muryar ta zo.

"Na'am, Yaya?"

Na tsuguna na ce, "Hau."

Ta ɗan tsaya, ta leƙa wajen bencin, ta ga baya. Sannan ta hau. Ta fi yadda na zata nauyi, na miƙe da ƙyar ina tangaɗi. Ta cafki hulata don kada ta faɗi, hular ta fita, sai ta kama kunnuwana ta riƙe kamar linzami. Daidai nan kwaɗon ya iso, kore shar, yana rangaji yana juya jar lema.

"Malam Kwaɗo!" ta ƙwala da Hausa tsantsa. "Malam Kwaɗo, ina wuni!"

Ya karkato lemar wajenmu. Na san yara sun fi a ƙirga a wannan ɓangaren, na kuma san a cikin kayan wani bawan Allah ne yake narkewa da gumi yana jiran a tashi aiki. Amma ta ce ita ya gaisar, ni kuma shaida ne. Dugaduganta suna bugun ƙirjina, tana rera waƙar da yaren da ba ta ji, ina jin dariyarta tana sauka ta cikin ƙashin wuyana. Da ya wuce sai ta sunkuyo da kai. Na ji ɗan yatsa yana zagaye a tsakiyar kaina.

"Yaya, ashe kana da sanƙo."

"Kaɗan ne."

"Ba kaɗan ba ne. Hajiya ta sani?"

"Kada ki faɗa mata."

"To me za ka ba ni?"

Jikar 'yar kasuwa ce. Muka daidaita a kan askirim. Aka fara yayyafi, taron ya fara watsewa, ban sauke ta ba sai da masu shara suka biyo bayan faretin. Ta mayar mini da hular a karkace. Da muka nufi bencin ta kama yatsana biyu ta riƙe, muka ratsa mutane a haka. Saura kaɗan mu isa, muka saki juna lokaci ɗaya. 'Yar gidan ce.

Muka yi sallama. Sai a sannan Hajiya ta juyo.

"An gama shirmen?"

"Hajiya, ya gaishe ni!"

"Ai dole, kin yi masa talla shekara biyu a bayanki."

Ta dube ni. A ƙirjin farar rigata akwai sawun takalmi biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, sun fito raɗau. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta miƙa mini jakarta in riƙe.

"Malam, rigarka ta yi datti. Ka riƙa lura da inda kake jingina."

Muka nufi ƙofar fita tana ɗingisa ƙafar dama. Washegari kuma a Guangyuan matakala mai tafiya da kanta ta tsaya, Hajiya ta haye benaye a ƙafa tana ciniki a waya, ina bayanta ina haki. Ban tambaye ta labarin gwiwa ba. A gidanmu ba a tambayar irin wannan. Na dai yi ta tunani a jirgin ƙarƙashin ƙasa ina komawa makaranta, ko lokacin da nake ƙarami an taɓa samun wanda ya ƙirƙiri ciwon gwiwa dominta ita ma.

Abin da na koya shi ne, na je China da zaton cewa alkunya katanga ce, sai an yi mata dabara an zagaye ta da taswira. Ashe waɗanda suka gina ta sun bar ƙofa, kuma sun san lokacin buɗe ta ba tare da an ji ƙara ba. Wasu gidajen da runguma suke nuna ƙauna, namu da juya baya yake nunawa, kuma sai da na kusa zama Dakta na iya karanta wannan. Na kuma koyi cewa komai kyawun tsari, a bar wa tsofaffi gurbi a ciki, don sau da yawa sun riga ka karanta shi tun kafin ka gama bayani.

Yanzu na dawo gida, yarinyar tana sakandare, ta fi Hajiya tsawo. Kwanakin baya na same ta ita kaɗai a tsakar gida tana wanke takalmi, na ga dama ta samu, na tambaye ta me take tunawa da tafiyarmu ta China. Ta tsaya, ta yi tunani sosai, ta ce:

"An yi zafi, Yaya."